Hannu Yana Rawa, Kai Yana Aiki

Mu da muka taso a Yauri, Wara ko Shanga, kusan kowannenmu ya san yaro irin wannan: wuyansa ba ya tsayuwa, ƙafafunsa suna sarƙewa, magana tana fita da ƙyar. A bakin tafkin Kainji wasu sai su ce “ɗan ruwa ne”, a aji kuma a ce “dolo”. Duka biyun kuskure ne.

Likitoci suna kiran lalurar serebiral palsi. Tana faruwa ne idan sashen ƙwaƙwalwa mai ba gaɓoɓi umarni ya samu rauni, tun yaro yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwarsa. Hanyoyin motsi da na tunani maƙwabtan juna ne a cikin kai, shi ya sa wani lokaci rauni ɗaya kan taɓa su duka. Amma kusan rabin masu lalurar kaifin basirarsu lafiya lau yake. Yaro yana da amsar, hannu da harshe ne suka ƙi ba shi haɗin kai.

Daga cikin abubuwan da ke jawo ta akwai doguwar naƙuda, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da shawarar jarirai. Binciken ƙasa na 2021 ya gano ƙwayar maleriya a jinin kashi 49 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar, mafi yawa a Najeriya. Ita kuwa shawara, idan ta yi tsanani takan lalata cibiyar motsi da ji, sau da yawa ta bar tunani.

To, mene ne namu? Idan idon ƙaninmu sabon haihuwa ya yi ɗorawa, mu matsa a kai shi Babban Asibitin Yauri ko asibiti mafi kusa a ranar. Ana maganinta da hasken wata shuɗiyar fitila. A raba kayan jariri da kafur. Ƙannenmu su riƙa kwana cikin gidan sauro.

A aji kuwa, idan abokinmu ya ɗaga hannu, mu jira ya kai ƙarshen maganarsa, kada mu ƙarasa masa. Mu roƙi malam ya ƙara masa lokaci a jarrabawa. Ranar 6 ga Oktoba ce ranar masu wannan lalura a duniya. Ku nemi izinin shugaban makaranta ku yi bayaninta a asambuli.