Tsohon sojan da ya koma gida bayan dogon ci-rani

Mu a Matamaye ba sai an gaya mana zafin ci-rani ba. Gida nawa ne a ƙasar Kance babu wanda ya tafi Kano ko Aljeriya neman abin sawa a baka? Shi ya sa labarin Baba Umar Diyeme, tsohon soja ɗan Senegal, ya taɓa mu.

Ya yi wa Faransa yaƙi a Indocin da Aljeriya. Sakayyar fa? A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon sojojinta baƙaƙe, ba ta daidaita shi da na Turawa ba sai 2011.

Da tsufansa ya zauna a wani ɗan ɗaki a Bondi, gefen Paris, iyalinsa na can ƙauyen Badiyana. Doka ta ce sai ya yi wata 6 a Faransa kowace shekara, in ba haka ba a yanke kuɗin tsufansa, sama da jika 600 a wata. Wace uwargida za ta ce ya bari?

Sai a 2023 aka ɗage sharaɗin. A watan Afrilu shi da 'yan uwansa 8 suka sauka Dakar, da lambobinsu a ƙirji.