Nima da Teku: Maƙwabtan da Kwata ta Haɗa

Daga babban masallacin ƙasa da ke unguwar Kanda a Akra zuwa bakin teku a Labadi, tafiyar ba ta kai kilomita goma ba. Idan hanya ta yi kyau, kafin shayi ya huce an isa. Duk da haka, a Nima da Maamobi ba wuya ka sami dattijuwar da ta yi aure a Akra, ta aurar da 'ya'ya da jikoki a Akra, amma ba ta taɓa tsoma ƙafarta cikin ruwan gishiri ba, kuma ba ta jin ta rasa komai. Mutanen zango mutanen tudu ne. Kakanninsu fatake ne da makiyaya da malamai da sojoji, waɗanda suka san rijiya da gulbi, suka zo suka tarar da wani ruwa da ba a ganin ƙarshensa, ba a sha, ba a ban ruwan gona da shi.

To amma tekun nan ne ya jawo da yawa daga cikinsu. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra. Goron da a da jakuna ke kaiwa Kano cikin watanni, sai ya koma shiga jirgin ruwa zuwa Legas. Shi ya sa tsofaffin unguwannin Musulmi, irin su Zongo Lane da Cow Lane da Tudu, suke can kusa da gaɓa. Da wuri ya yi kaɗan, Malam Bako ya ja mutanensa suka kafa Sabon Zango. Nima kuwa ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya sami fili daga gidan Odoi Kwao na mutanen Ga. Yaƙin duniya na biyu ya kawo barikin soja da aikin filin jirgin sama a kusa, masu neman aikin gadi da kuku da leburanci suka yi ta kwararowa. Yau Bahaushe da Bazabarme da Badagombe da Bamoshe da Kotokoli da Bayarabe suna gida ɗaya, kuma da Hausa suke gaisawa, da ita suke faɗa, da ita suke shiryawa.

Kanda ita ce 'yar gata a cikin unguwannin wannan yanki. A zamanin Nkrumah aka gina rukunin gidajenta domin ma'aikatan gwamnati, da tituna a miƙe da itatuwa. Nan gidan rediyon ƙasa yake, wanda Hausa na cikin harsunan da yake watsa shiri da su. Nan kuma masallacin ƙasan da Turkawa suka gina yake, mai hasumiya huɗu, wanda aka buɗe a Yulin 2021. Tsallaka titi kawai, sai ka faɗa lungunan Nima, inda wani wurin mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace.

A lungunan nan gari na wayewa tun kafin ladan ya gama kiran farko. Mai koko ta riga ta ɗora tukunya, koko mai yaji da citta da kanumfari, ga ƙosai yana tsalle a mai. Gefe guda mai waakye ta buɗe babbar roba, tururi ya tashi. Shinkafa da wake ne aka dafa da busasshen ganyen dawa har suka yi ja. Tana shimfiɗa ɗanyen ganye mai faɗi a tafin hannu, ta zuba, ta ɗora taliya da garin kwaki da ganda da dafaffen ƙwai, sannan ta ɗiga baƙin yajin nan, shito.

"Hajiya, a ƙara mini shito," in ji wani saurayi mai kayan aikin otal.

"Ɗana, na jiya ma ba ka biya ba," in ji ta, tana ƙara masa.

Shiton nan da busasshen kifi da jatanlande ake yin sa. Ko wadda ba ta taɓa ganin teku ba, da shi take miya kullum. Matan zango sun san ranar Talata masuntan Ga ba sa fita da kwalekwale, don haka ba sa sa ran ɗanyen kifi na ranar. Sun san lokacin da sarakunan Ga ke hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikin Homowo, sai a daidaita ranar biki da suna. Zama da masu ƙasa ya koya wa zango wannan ladabi, kuma ina ganin yana cikin abubuwan da suka sa Akra ta zauna lafiya. Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da ya cika shekara 100 a 2019, har majami'ar Katolika ta Christ the King ya je gaisuwa ranar Ista.

Iskar teku ma tana shigowa ba sallama. Ita ke cin kwanon rufi da tsatsa, ta ci ƙyauren ƙarfe da keken ɗinki. Wanda ya zo daga Katsina ko Maradi, abin da zai fara dame shi shi ne wanki ba ya bushewa da wuri, gumi kuma ba ya barin jiki. Gidajen haya ne masu ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya in an yi sa'a, wasu kuwa sai bayan gida na kuɗi. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida gaba ɗaya, amma shekara biyu ake nema, kuma ana biya, don babu inda za a. Da yamma, in zafin ɗaki ya kori kowa waje, samari na taruwa a majalisunsu ana dafa ataya, ana gardamar ƙwallo. Mohammed Kudus a filayen ƙurar nan ya fara, kafin Ajax da West Ham, kuma kowane yaro a Nima ya san hanyar da ya bi.

A can gaɓa kuwa wata duniya ce. Otal ɗin Labadi Beach da na La Palm Royal Beach suna jere, baƙi daga Turai da Amurka suna kwance a inuwar laima, musamman a Disamba. 'Yan zango na zuwa can kullum, amma ta ƙofar aiki: gadi, tuƙi, wanki, canjin kuɗi, gasa tsire, tallan takalman fata da carbi da zannuwa. Su san farashin komai, su dawo gida da dare a motar haya ta trotro.

Sai da Sallah ake juya lamarin. Da safe ana sallar Idi a dandalin 'yancin kai, ga teku nan a gefen sahu yana ruri, iska na kaɗa manyan riguna. Washegari kuwa na yara ne. Motoci cike da samari da 'yan mata cikin anko suna gangarawa Labadi, a biya kuɗin ƙofa, a shiga. 'Yan mata su tattare bakin zane, su tsaya daidai inda kumfa ke ƙarewa, igiyar ruwa ta taso su watse da ihu, su sake dawowa. Ana hawa doki a ɗauki hoto. In la'asar ta yi, za ka ga wasu sun ja gefe, sun yi alwala da ledar ruwa, sun shimfiɗa ɗankwali a kan yashi. A gida kuwa hankalin iyaye mata ba ya kwanciya sai an dawo, domin ruwan gaɓar nan yana da ja ta ƙasa, yaran zango kuma kaɗan ne suka iya iyo. Wasu malamai na wa'azi a kan cakuɗuwar da ake yi, kuma suna da hujja. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a unguwar da ba ta da filin wasa na kirki, ina ake so yaran su je? Da ma masallatai da makarantun Islamiyya su shirya tafiyar da kansu, da manya a tare, a kuma koya wa yara iyo.

Amma babbar alaƙar Nima da teku ba ta kan titi take bi ba. Tsakanin Nima da Maamobi akwai babbar kwata, wadda a da rafi ce. Duk abin da unguwa ta zubar, ruwan wanki, ledar ruwan sha, robar abinci, har abin da baki ba ya faɗa, nan yake sauka. Daga nan ya bi ta wajen unguwar Circle ya faɗa kogin Odaw, ya shiga tafkin Korle, ya fita teku. Igiyar ruwa a gaɓar Gana gabas take kora kaya, wato wajen Osu da Labadi. Saurayin da ke share yashi da sassafe kafin baƙi su fito, mai yiwuwa ledar unguwarsu yake kwashewa.

In kwata ta toshe kuma, ruwa kan juyo. A watannin Mayu da Yuni, masu ɗakuna a bakinta ba sa barci idan hadari ya haɗu, katifa da akwati sai a ɗora bisa tebur. Ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai da ke Circle, mutum fiye da 150 suka rasu, yawancinsu sun fake ne daga ruwan sama. Allah ya jiƙansu. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin gyara magudanan yankin Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aka sa a shirin.

Masu hali kan ce mutanen zango ƙazamai ne. Wannan magana tana yi mini ciwo, domin na ga tsakar gidajen da ake sharewa sau uku a yini. Matar da motar shara ba ta iya shiga lungunsu, ga kwata a ƙofar ɗakinta, ina za ta kai? Laifinmu yana nan, ba na musu, kuma limamai ya kamata su riƙa faɗa a huɗuba kamar yadda suke faɗar sauran laifuka. Kafin damina samarin unguwa kan fito da shebur da baro, su shiga kwata har gwiwa, su kwaso laka su tara a baki. Abin da suke roƙo wurin hukuma ba shi da yawa: mota ta zo ta kwashe tulin kafin ruwan farko ya mayar da shi ciki.