Ba Kiɗan Ne Ya Kayar da Shi Ba

Da an gama kaka, gero ya shiga rumbu, sai bukukuwa su ɓarke tun daga ƙauyukan Mallawa har Dungas da Magarya. A da kalangu ne a dandali. Yanzu mai DJ ne zai sauke lasifikoki masu tsawon yaro, ya tayar da inji, a kwana ana casu. A irin wannan biki ne, wajen ƙarfe biyu na dare, na ga wani saurayi da bai wuce shekara sha bakwai ba ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili, yana mimmiƙewa, kumfa na fita daga bakinsa. Kafin hantsi labari ya gama gari: wai kiɗan ne, wai wannan dum-dum na Turawa iskoki yake kira. Wansa kuwa da ya laluba aljihun yaron, katin ƙwaya ya zaro, an ɓalle huɗu, an rubuta 225 a bayansa.

Na gaji da jin ana ɗora wa kiɗa laifin tramol.

Kiɗan da ake kira tekno dai na'ura ce ke buga shi, bugu 120 zuwa 150 a minti ɗaya. A Detroit ta Amurka aka ƙago shi cikin shekarun 1980, a hannun wasu samari baƙar fata uku, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Bayan faɗuwar katangar Balin a 1989, matasan Jamus suka riƙa cika kangayen gine-gine suna rawa har wayewar gari, Ingila kuma ta yi wa irin wannan taro doka a 1994. Mu ma kiɗan na'ura ba baƙonmu ba ne. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa na ogan a Yamai, aka yi shekaru ana jin sa a rediyo da talabijin, ba a taɓa cewa ya kayar da kowa ba. Abin da mai DJ ke saka mana ma, yawancinsa waƙoƙin fina-finan Kano ne da na Legas aka ƙara wa gudu. Can Turai, abin da ya ci rayuka a wuraren nan shi ne ƙwayar ekstasi da zafi da turmutsutsu, kamar na Duisburg a 2010 inda mutum 21 suka mutu. Tamu ƙwayar ita ce tramol.

Ka zauna a kowace fada ana shan shayi, za ka ji mai cewa, "Ai tramol ba ƙwaya ba ce, maganin gajiya ne." Manomi ya haɗiya kafin ya ɗauki hauya, ɗan kabu-kabu ya haɗiya, mai zuwa casu ya ninka don kada ƙafarsa ta mutu kafin asuba. Wannan magana ƙarya ce tun daga tushe. Tramadol, wato tramol, ɗan'uwan mofin ne. A Jamus aka haɗa shi, aka fara sayar da shi a 1977 domin masu ciwo mai tsanani, irin wanda aka yi wa aiki ko ya karye. Ba ya ƙara jini, ba ya ƙara tsoka, ba ya maye gurbin tuwo. Aikinsa shi ne ya toshe saƙon ciwo kada ya isa ƙwaƙwalwa. Gajiyar tana nan daram, jin ta ne kawai aka daina. Kamar mai babur ne ya ga alamar mai ta yi ƙasa, sai ya liƙe ta da leda ya ƙara wuta.

Mu yi lissafi. Na likita miligiram 50 ne, kuma babba mai cikakkiyar lafiya ba a yarda ya wuce 400 a yini ba. Wanda masu tebur da masu yawo da kwali a ranar kasuwa ke sayarwa 200 ne, 225, har 250. Biyu kacal sun kai iyaka ko sun haura ta. Yaron nan huɗu ya sha, wato 900, ga rashin barci, ga cikin da babu komai sai shayi. Sanannen abu ne tramadol idan ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda babu ita a danginsu. In aka haɗa shi da giya ko ƙwayar barci kuwa, numfashi ne ke ja baya har ya tsaya. To ina iska ta shigo a nan?

Masu cewa "in ban sha ba jikina ciwo yake, ka ga kenan yana yi mini aiki", su sani wannan ciwon gaɓoɓi da zufa da hamma da rashin barci alamar kamu ce, jiki ya zama bawa. Da Indiya ta tsaurara doka a kan tramadol a 2018, ƴan kasuwar ba su tuba ba, sai suka kawo Tafrodol, haɗin tafentadol da karisofurodol, wanda binciken BBC ya bankaɗo a 2025. Ya fi tramol ƙarfi. Mai sayar wa ɗan maƙwabcinsa wannan abu ya ji tsoron Allah, kuma mu da muke gaisawa da shi kullum muna kallo, mu ma ba mu fita ba.

Talauci da zaman kashe wando na rani suna da nasu kaso. Lasifikar ma tana da nata laifi, don tsayawa a bakinta dare guda na iya barin kunne yana ƙugi.

Iyayen biki, ku yanka wa mai DJ lokaci tun kafin ku ba shi kafin alƙalami, a sa fitila a fili, a ajiye randar ruwa, a samu dattijo ko biyu da ba za su tafi barci ba. Iyaye, yaron da ya daina cin abinci, yana yawan susa, yana fushin banza, yana kwana ido biyu, a zauna da shi tun kafin a kai ga bulala. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, ya je wurin ma'aikacin lafiya a rage masa sannu a hankali.

In kuma wani ya faɗi a gabanku, a kashe kiɗa, a ja baya ya sami iska. A kawar da benci da duwatsu, a sa masa riga ƙarƙashin kai. Kada a danne shi. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, ba zai haɗiye harshensa ba. Kada a ɗura masa ruwa ko nono ko rubutu yana cikin wannan hali, huhu za su wuce. Kada a turara masa hayaƙi. Da jijjigar ta lafa, a kwantar da shi a kan haƙarƙarinsa don abin da ke bakinsa ya zubo. In ta wuce minti biyar, ko ta dawo, ko numfashinsa ya yi ƙasa, leɓe ya canza launi, a nemi abin hawa a yi likita mafi kusa da shi nan take, kada a ce sai gari ya waye. A tafi da katin ƙwayar, a miƙa wa ma'aikacin lafiya, a faɗa masa guda nawa aka ɓalle da kuma lokacin da ya sha.