Gargadar Iska a Jirgin Sama

Karatunmu na yau a kan gargadar iska ne.

Kun san yadda guguwa ke tashi da tsakar rana a dajin Agadas. Ƙasa ta yi zafi, iska mai zafi ta hau sama, mai sanyi ta sauko. Duwatsun Abzin suna karya iska. Hadarin damina ma yana dama ta. In jirgi ya shiga irin wannan wuri, sai ya riƙa tsalle kamar mota a mugunyar hanya.

Jirgi yana jurewa. Mutanen ciki ne ke jin ciwo. Ran 21 ga Mayu 2024, jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya gamu da gargada a sararin ƙasar Bama. Ya zurma mita 54 cikin daƙiƙa 5. Waɗanda ba su ɗaure ɗamara ba suka bugi rufi da kai. Mutum ɗaya ya rasu, da yawa suka ji rauni.

Wani lokaci gargada takan zo sama garau, ko matuƙi bai gan ta ba. Saboda haka, in kun shiga jirgi a filin Mano Dayak, ko kun tashi zuwa Makka, ku ɗaure ɗamarar kujera muddin kuna zaune. Ku ɗaure wa yaranku ma.

Sai mako mai zuwa.