Jirgin Ngaundare Ba Ya Jiran Mota

Tun 1974 da layin dogo ya iso Ngaundare, nan fatakenmu na Chadi da arewacin Kamaru ke sauka daga mota su kama jirgin dare zuwa Yawunde, tafiyar kilomita 622. Sai dai tikitin mota daban, na jirgi daban. Idan shingen kwastan ko ruwan damina ya tsare motar da ta taso daga Kuseri ko Mundu, jirgi zai tashi, asarar kuma a wuyanmu take.

Don haka mu iso Ngaundare kwana guda kafin tafiya, mu yanki tikiti da sassafe, mu kai kaya awo da wuri. Gara kuɗin masauki da buhunan albasa su ruɓe a tasha.