Wake a Lambun Gida: Yadda Ake Tsawaita Roro Ba Tare da Maganin Kanti Ba

Wake na cikin 'yan tsirarun amfanin gona da ake ci tun suna ganye har su bushe. Ana tsinkar ganyensa mai taushi a yi miya ko kwaɗo, ana dafa ɗanyen kwansonsa, ana ɓare ƙwayarsa tun ba ta bushe ba a zuba a tukunya. Busasshensa shi ne ƙosai da alala da ɗanwake da garau-garau, harawarsa kuma rabon tumaki da awaki ce. A nahiyar Afirka aka fara nomansa, kuma har yau Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan noman wake, Nijar na biye da ita. Ko waakye da ake sayarwa a titunan Accra da Kumasi, daga kalmar Hausa sunanta ya fito. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake sinadarin gina jiki ne, shi ya sa yake maye gurbin nama a gidaje da yawa.

Burin mai babbar gona shi ne wakensa ya nuna lokaci guda, ya ɗauki 'yan roro, ya cika buhuna ya kai kasuwa. Mai lambu a bayan ɗaki ba haka yake so ba. Shi ya fi son kwano ɗaya yau, kwano ɗaya jibi, daga tsakiyar damina har shigowar hunturu. Akwai kuma batun magani. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari mai suna dichlorvos da aka samu a cikinsa, kuma irin wannan waken ne ake aunawa a kasuwannin gida. Lambu ƙarami na ba da damar kauce wa wannan, domin abin da ba zai yiwu a yi da hannu a kadada goma ba yana yiwuwa a kunya goma.

Tsawon lokacin roro ya fi dogara ga zaɓen iri fiye da komai. Wake kashi biyu ne a wannan fuska. Akwai mai tsayuwa, wanda ke fure bayan kwana 35 zuwa 45 da shuka, ya nuna cikin kwana 60 zuwa 70, kuma bai damu da watan da aka shuka shi ba. Yawancin irin nan sun fito ne daga cibiyar IITA ta Ibadan, wadda ke da reshe a Kano, da kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda ke fitar da su da sunan SAMPEA. Sai kuma mai yaɗo, irin su kanannado, wanda kakanni suka saba shukawa tsakanin gero da dawa. Wannan yana auna tsawon yini. Ko an shuka shi da wuri ba zai yi fure ba sai yini ya gajarta, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, kafin nan sai dai ya yi ta yaɗo yana tara ganye. Wanda bai san halinsa ba yakan ɗauka irin ne ya lalace. Lambun da ya haɗa kashi biyun ya riga ya sami roro biyu tun ba a yi wata dabara ba. Akwai wani iri, SAMPEA 20-T, da aka fitar a 2019, wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta don ya kare kansa daga tsutsar kwanso. Ƙa'idojin noma ba da sinadarai ba ba su yarda da irin wannan ba, don haka mai bin su sai ya tambayi sunan iri kafin ya saya.

Wake ya fi son ƙasa mai yashi-yashi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, da wurin da rana ke bugawa yawancin yini. Inda ƙasa ke da laka sai a yi kunya mai tsayi, don kwana biyu a cikin ruwa sun isa su ruɓar da saiwarsa. Wajen taki kuwa, kuskuren da aka fi yi shi ne yawaitawa. A saiwar wake akwai 'yan ƙululai da wasu ƙwayoyin halitta ke zaune a ciki, suna kamo sinadarin naitirojin daga iska suna ba tsiron. Idan aka tuge guda ɗaya bayan wata da shuka aka fasa ƙululun da farce, jan da aka gani a ciki alama ce suna aiki. Saboda haka kashin kaji mai yawa ba ya ƙara masa komai sai ganye: ya yi kore shar, kwanso kuwa babu. Abin da ya dace shi ne ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu wanda ya huce, a cakuɗa shi da ƙasa mako biyu kafin shuka, a barbaɗa 'yar tokar murhu. Takin juji ma yana yi, in an tsince leda da kwalba da tsohon batir.

Ana zuba ƙwaya uku a rami mai zurfin santimita 3 zuwa 5, bayan mako biyu a cire ɗaya a bar biyu. Mai tsayuwa na buƙatar kamar santimita 50 tsakanin layi da layi, 20 tsakanin rami da rami. Mai yaɗo sai an ba shi fili, santimita 75 ko fiye, ko kuma a kai shi gindin danga ya hau. Sauran dabarar ita ce kada a shuka lambun duka rana ɗaya. A yankin Kano da Katsina da Maraɗi, inda ruwa kan zauna a ƙarshen Yuni, ana iya shuka kunya biyu ko uku na mai saurin nuna da zarar ƙasa ta jiƙu sosai, a ƙara wasu bayan mako biyu ko uku, a yi na ƙarshe a farkon Agusta. Mai yaɗo ya shiga a tsakiyar Yuli. Shukar farko za ta nuna ana tsakiyar marka, lokacin da ruwa ke sa busasshen kwanso fumfuna, don haka ita ta ci ɗanye ce. Tana kuma zuwa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. Ciyawa sau biyu ta isa, firi bayan mako biyu, maimai kafin fure, daga nan ganyen waken ya rufe ƙasa da kansa.

Ƙwari su ne ainihin jarrabawar wannan noma, kuma babu amfanin ɓoye cewa wake ya fi yawancin amfanin gona maƙiya. Tun yana ƙarami darɓa ke taruwa a kan tohonsa, baƙaƙen ƙwari ƙanana masu tsotsar ruwansa har ganye ya nannaɗe. Da ya fara fure sai wasu sirara da ido ba ya cika gani su shiga cikin furen, ya zube tun bai ƙulla kwanso ba. Bayan su tsutsar kwanso, wadda masana ke kira Maruca, ta huda fure da kwanso ta saƙa zare a kai, sannan wasu ƙwari masu ƙaya a jiki su soki kwanson su bar ƙwayar a motse. A gonar da ba a kula ba, waɗannan na iya cinye mafi yawan amfanin.

Maganin da ya fi samuwa yana tsaye a ƙofar gida, wato dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi. Ana tara 'ya'yansa da suka nuna, a wanke, a shanya a inuwa, a daka kamar rabin kilo a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana. Da safe a tace da tsumma, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, domin rana na kashe ƙarfinsa, ga shi kuma ƙudan zuma sun koma. Ba ya kashe ƙwaro nan take kamar maganin kanti, hana shi ci da girma yake yi, saboda haka sai an fara tun fure na toho, a maimaita kowane mako, a sake in ruwan sama ya wanke. Wanda ya jira sai ya ga tsutsa ya makara. Hannu ma magani ne: da sassafe ƙwarin kwanso ba su da kuzari, ana kakkaɓe su cikin roba mai ruwan sabulu, kwanson da ya huje kuma a cire a binne. Ko da an yi duk wannan za a yi asarar wani abu, amma rarraba shuka na rage ta, tunda ba duka kunyoyin ke fure ranar da ƙwari suka yi yawa ba. Inda wuta-wuta ta kama ƙasa, a tuge ta kafin ta yi iri, a nemi wake mai jure mata irin SAMPEA 14 ko 15, kuma kada a maimaita wake a wuri ɗaya shekara bayan shekara.

Shi kansa roron yana ƙara tsawon roro. Tsiron wake na daina fure da zarar kwansonsa ya cika ya fara bushewa, amma in ana tsinke ɗanyen kwanso duk bayan kwana biyu ko uku, sai ya ci gaba da fitar da sabo, musamman mai yaɗo. Kwanso kan isa ci kwana 10 zuwa 14 bayan fure. Ganye kuwa ana fara tsinkarsa daga mako na huɗu, kaɗan-kaɗan daga kowane tsiro, a dakata idan fure ya fito. Kunyoyin da aka ware don busasshen wake ba a taɓa su sai kwanso ya yi ruwan ƙasa yana ƙara in an girgiza.

Ƙwaron ajiya tun daga lambu yake shiga, ya yi ƙwai a kan kwanso, ya ƙyanƙyashe a ɗaki. Bayan an ɓare, a baza waken a kan baƙar leda, a rufe da fara mai haske, a bar shi awa biyu cikin zafin tsakar rana. In ya huce a cika jarka ko kwalba har baki a toshe sosai. Ƙwaron da ya rage zai shanye iskar ya mutu. Wannan ne tushen buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar daga binciken da aka fara a arewacin Kamaru. Tsohuwar hanyar cakuɗa wake da tankaɗaɗɗiyar toka, mudu da mudu, ita ma tana aiki. Da yake furen wake da kansa yake barbarar kansa, irin da aka ajiye daga tsiro mafi lafiya yakan fito kamar uwarsa a baɗi.

Mai rijiya ko famfo yana iya ƙara zagaye ɗaya da rani. Sanyin hunturu na hana wake girma, amma idan aka shuka mai saurin nuna a ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu ana ba shi ruwa, yakan nuna a Afrilu ko Mayu, kuma tsutsar kwanso ba ta cika yawa a lokacin ba. Gurbin da sanyi ya bari kuwa koren wake ne ke cika shi, wanda ake yankawa a soyayyiyar shinkafa. Shi ɗan nahiyar Amurka ne, ba ya son zafi, furensa na zubewa in zafi ya haura digiri 30, shi ya sa ya fi yin kyau a tsaunin Jos. A ƙasar Hausa ana shuka shi daga Nuwamba, a fara tsinka bayan kamar kwana 50, a gama kafin bazara ta kankama.