Lemon Kwalba: Jini Lafiya Lau, Haƙori Ne Ke Shan Wuya

Kwanan baya wani maƙwabcina a kasuwar Kejetia da ke Kumasi ya shigo rumfata da gorar ruwa mai tsadar gaske. Wai an ce masa lemon kwalba ya sa jininsa ya yi tsami, kuma wannan ruwan ne zai wanke shi. Na ce, “Alhaji, zauna mu yi lissafi, tunda mu 'yan kasuwa ne.”

Masana suna auna tsami da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa zalla yana kan 7, kuma duk abin da ya yi ƙasa da haka mai tsami ne. Baƙin lemo yana wajen 2.5. Jinin mai lafiya kuwa yana tsaye tsakanin 7.35 da 7.45, kuma kwalbar lemo ba ta gusar da shi. Allah Ya sa masa masu gadi biyu: huhu yana rage tsami ta iskar da muke fitarwa, ƙoda kuma tana zubar da ragowar ta fitsari. Shi kansa ruwan cikin da ke narkar da tuwo yakan fi lemon tsami.

To, ina asarar take? Ta farko a baki. Farin rufin haƙori yana fara narkewa idan tsami ya yi ƙasa da 5.5, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Mai ajiye kwalba a gefen teburi yana kurɓa tun hantsi har la'asar, ya jiƙa haƙoransa a tsami wuni guda ke nan. Zoɓo, wanda ake kira sobolo a nan Gana, da ruwan tsamiya, su ma haka suke.

Ta biyu sukari. Gwangwani ɗaya na baƙin lemo yana da kusan giram 35, wajen ƙaramin cokali 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a rana, in ya tsaya a 25 ma ya fi. Inda jini ke yin tsami da gaske shi ne ciwon sukarin da ya ƙwace: ƙishirwa, yawan fitsari, amai, numfashi sama-sama. Wannan sai asibiti, maza-maza.

In za ka sha, sha tare da abinci, a zama ɗaya. Kurkure baki da ruwa, ka jinkirta asuwaki kamar rabin awa. Uwargida, kada a saba wa yara da lemo. Kada kuma a mai da jiƙon kanwa abin shan kullum, musamman ga mai hawan jini.

Alhaji dai ya shanye ruwansa, tunda ya riga ya biya. Amma yanzu in rana ta take, ruwan leda yake aika yaro ya sayo.